Yadda ake zama malamin rawar gargajiya a zangunan Accra har unguwa ta amince da kai

Duk wanda yake da niyyar tara yaran unguwa ya koya musu rawar gargajiya a Nima, ko Mamobi, ko Sabon Zango, ko Madina, ko ɗaya daga cikin ƙananan zangunan da ke bayan garin Accra, ya kamata ya sani tun da wuri cewa iya taka rawar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da yake da wuya shi ne uba ya yarda ya sakar maka ɗansa, uwa ta sakar maka 'yarta, na tsawon awa biyu, sau biyu ko sau uku a mako, a cikin jama'ar da mutane da yawa suka tashi da jin cewa duk inda ganga take, nan shashanci yake. Wannan yardar ita ce jarin malamin rawa, kuma ta dalilinta ne ake wayar gari a ga ana kiransa wajen sulhu, ana neman shawararsa a kan karatun yaro, har a riƙa lissafa shi cikin manyan unguwa alhali ba wanda ya naɗa masa rawani. Bayanin da ke tafe ya shafi namiji da mace duka, ko da yake da «kai» zan riƙa magana.

Kafin ka sayi ko da ganga ɗaya, ka zaga gidajen manya. Zangunan Accra ba na ƙabila ɗaya ba ne. A Nima kaɗai akwai Hausawa da Dagombawa da Mosawa da Zabarmawa da Kotokoli da Wangarawa da Fulani da Yarabawa da wasunsu, kusan kowace al'umma da sarkinta, Hausa ce kuma take haɗa su a kasuwa da masallaci. Saboda haka gaisuwar sarki ɗaya ba ta wadatarwa. Ka fara da sarkin unguwa, ka riƙe goro, ka nemi dattijon da zai yi maka iso, domin yaro ba ya kai kansa fada. Daga nan sai limamin masallacin da ya fi kusa da inda za ku riƙa gwaji, sannan magajiya, wato shugabar matan unguwa, wadda a ganina ta fi kowa tasiri a wannan lamari, domin idan ta faɗa wa mata cewa wurin nan babu laifi, ba za a yi mako biyu ba sai ka ga yara sun fi ƙarfin filin.

A gaban liman kada ka tsawaita. Ya isa ka ce: «Allah ya gafarta Malam, na zo neman izini da addu'a. Ina so in tara yaran nan bayan la'asar in koya musu wasannin iyayenmu, maza daban, mata daban, kuma da an kusa kiran magariba za mu tashi.» Malamai sun daɗe da saɓani a kan hukuncin kiɗa, kuma a unguwa ɗaya za ka tarar da 'yan ɗariƙa da Ahlus Sunna kowa da fahimtarsa. Wannan ba fagenka ba ne, kada ka shige shi. Idan limamin ya nuna bai so, ka yi godiya, ka nemi wani fili da ya yi nisa da masallacinsa, ka ci gaba da gaishe shi kamar da. Uban da ya hana ɗansa zuwa ma haka za ka yi da shi, kuma kada ka karɓi yaron da ya zo a ɓoye, komai iya rawarsa.

Ta fuskar hukuma, mutum biyu ne ya kamata su san da kai tun farko: wakilin unguwarku a majalisar ƙaramar hukuma, wato asambiliman, da jami'in al'adu na ƙaramar hukumar. Jami'an al'adun suna ƙarƙashin Hukumar Al'adu ta Ƙasa da aka kafa a 1990, wadda take da cibiya a kowane yanki, ta Accra kuwa ita ce aka fi sani da Arts Centre. Ta hannunsu gayyatar bukukuwan gwamnati takan bi, don haka ƙungiyar da ba ta cikin littafinsu sai dai ta ji labari. Rajista a ofishin rajistar kamfanoni tana iya jira har lokacin da kuka buƙaci asusun banki da sunan ƙungiya.

Abin da za ka koyar, da yadda za ka koyar da shi

Kada ka koyar da abin da ka kwaso daga bidiyon waya kawai. Bidiyo yana nuna ƙafa, amma ba ya gaya maka wa ya cancanci ya taka, a wane biki, a gaban wa, kuma me gangar take faɗa. Ka je wurin masu abin. Sabon Zango, wanda Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20, tsohuwar unguwar Hausawa ce, kuma a irin waɗannan gidaje ne ake samun tsofaffin mata da suka yi gaɗa da ƙuruciya, suka san waƙoƙin kiɗan ƙwarya da na shantu da na lalle. Ka tura mataimakiyarka ta zauna da su, ta kai musu abin goro, ta nemi izininsu kafin ta ɗauki murya. Idan an kawo waƙoƙin, ku tace su baiti baiti, domin a cikin waƙoƙin mata akwai habaicin kishiya da zambo da maganganun manya waɗanda ba su dace da bakin yarinya 'yar shekara goma ba. Haka nan idan rawar takai kake so ka koyar, ko rawar bikin damba, ka nemi makaɗan Dagombawa da ke unguwar, waɗanda kiɗan gado ne a gidajensu, ka zauna a matsayin ɗalibi ko da ka girme su.

Darasin farko na kunne ne. Ka sa yaran su tsaya a da'ira, makaɗi ya riƙa buga zubi ɗaya, su kuma su riƙa tafi a kan bugun da yake riƙe da kiɗan, har sai ka ga mafi yawansu sun daina kallon hannun juna. Daga tafi sai tafiya: su zaga da'irar suna sauke ƙafa a inda suke tafin. Sai wannan ya zauna a jikinsu sannan a shigo da juyi da tsalle da motsin kafaɗa. Malamai masu gaggawa suna tsallake wannan mataki domin yara suna ƙosawa da shi, sai ka ga ƙungiya ta haddace taku ashirin amma da makaɗi ya ƙara sauri kowa ya watse. Ƙirgen ɗaya, biyu, uku yana da amfani a makon farko, bayan nan ka bar shi, ka riƙa furta kiɗan da baki yadda makaɗa suke yi, domin da haka yaro yake gane cewa kalangu magana yake yi da shi.

Wannan ne ya sa nake ganin ƙaramar sifika ba za ta taɓa maye gurbin makaɗi ba, duk da cewa ta fi araha kuma ba ta makara. Kiɗan da aka naɗa ba ya ganin mai rawa. Makaɗi kuwa yana kallon ƙafar yaro, ya sassauta masa idan ya rikice, ya zuga shi idan ya samu, ya kira shi tsakiyar fili da kirarin gidansu. Idan ba ka da halin biyan makaɗi kowace rana, ka kawo shi sau ɗaya a mako, ka kuma zaɓi yara biyu ko uku da ka ga hannunsu ya faɗa, ya riƙa koya musu. Nan da shekara biyu su ne za su ɗauke maka wannan nauyi.

Takai tana buƙatar kulawa ta musamman. Rawar maza ce da ake yi a da'ira, kowa riƙe da ɗan sandan ƙarfe, ya buga da na wanda ke gabansa, ya juya ya buga da na wanda ke bayansa, manyan riguna suna buɗewa da kowane juyi. Ƙarar ƙarfen nan ɓangare ce ta kiɗan, don haka wanda ya makara da juyi ya ɓata kiɗa, kuma yana iya fasa wa ɗan'uwansa yatsa ko goshi. Ka fara da tafin hannu da hannu, sannan gajerun sandunan ice marasa nauyi, ƙarfe kuwa sai ga waɗanda suka kai wata da watanni suna juyi ba kuskure. Ka jera su gwargwadon tsayi, kada dogo ya tsaya kusa da gajere.

Tun da a Accra kuke, za a nemi ku taka na wasu. Makarantu suna son ganin kpanlogo na mutanen Ga 'yan asalin Accra, da adowa na Asante, da agbadza na Ewe, musamman a bikin 'yancin kai na 6 ga Maris. Yana da kyau yaran zango su iya su, domin 'yan ƙasa ne, amma ka ɗauko wanda ya tashi a cikin abin ya koyar. A adowa motsin hannu magana ce, kuma yaron da bai san ma'anarsa ba yana iya yin ishara ta raini a gaban basarake yana murmushi. Kpanlogo kuwa, da ya fito a tsakanin samarin Accra a farkon shekarun 1960, dattawan Ga da kansu sun soke shi saboda motsin ƙugu kafin daga baya ya samu karɓuwa, don haka ba abin mamaki ba ne idan iyayen zango suka ɗaure fuska. Ka rage abin da ya kamata a rage, ka kuma gaya wa iyayen tun kafin su gani a waya.

Rawar fili da rawar dandamali ba ɗaya ba ne. A fili ana kewaye mai rawa, ana iya kai awa guda ana abu ɗaya ba wanda ya gaji. A dandamali 'yan kallo suna gefe ɗaya, minti kaɗan za a ba ka, kuma dole a tsara shiga da fita. Wannan fasaha ita ce Albert Mawere Opoku ya yi fice a kanta a ƙungiyar Ghana Dance Ensemble, wadda shi da Farfesa Kwabena Nketia suka kafa a Jami'ar Ghana da ke Legon a 1962, kuma har yau yawancin ƙungiyoyin al'adu a ƙasar nan tsarinsu suke bi, sun sani ko ba su sani ba. Idan ka samu dama ka kai manyan ɗalibanka Legon, ko gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da aka buɗe a 1992, su ga yadda ƙwararru suke yi. Sai dai ka koya musu cikakkiyar rawar tukuna kafin gajeriyar, in ba haka ba za ka yaye yaran da suka iya burge baƙi amma ba za su iya shiga fili ranar damba ba.

Lokaci da wuri

A Accra rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, saboda haka abin da kake da shi shi ne tsakanin la'asar da kusan shida saura kwata. Safiyar Asabar da Lahadi ta makarantar Islamiyya ce, kada ka taɓa ta. Da azumi ya kama a rufe gwaji gaba ɗaya, kuma tun da watan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, sai ka duba kalanda tun farkon shekara ka san inda shirin wasan Sallah zai faɗa, domin dole a gama shi kafin a ga wata.

Akwai kuma wata guda da baƙon Accra yakan manta da shi. Kowace shekara, kafin bikin Homowo, majalisar sarakunan Ga tana hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata ɗaya, galibi daga Mayu zuwa Yuni, wasu garuruwan Ga kuma suna da nasu ranakun dabam. Ƙasar tasu ce, kakanninmu a wurinsu suka nemi wurin zama, kuma wanda ya karya dokar yana iya rasa gangunansa, ya kuma jawo wa sarkin zango zuwa ba da haƙuri. Ka saurari sanarwar, ka ajiye ganguna. Watan nan ya dace da gyaran fatu, da ɗinkin kaya, da zama da yara a ba su tarihin raye-rayen, ga shi dama lokacin ruwa ne, filin ma yakan cika.

Filin makarantar gwamnati bayan an tashi ya fi ko'ina dacewa, idan shugaban makarantar ya amince. Ka guji siminti idan ba takalmi za su sa ba, domin tsalle a kansa yana cin gwiwa da diddige, ƙasa mai laushi da aka share ta fi. Duk inda kuka zaɓa, ya zama wurin da uwa za ta iya leƙowa ba tare da sallama ba. Kada ka keɓe da yaro ko yarinya a ɗaki da sunan ƙarin darasi, kada namiji ya gyara wa yarinya tsayuwa da hannunsa, kuma ajin 'yan mata ya kasance da babbar mace a wurin daga farko har ƙarshe. Ka buɗe littafi ka rubuta sunan kowane yaro, da lambar wayar mai kula da shi, da ko yana da katin inshorar lafiya, da ko yana da sikila ko asma, domin mai sikila ba a barinsa ya galabaita ko ya yi ƙishirwa. Hoton yara da bidiyonsu kuwa ba sa hawa Facebook ko TikTok sai da yardar iyaye.

Ka riƙa neman ganin sakamakon jarrabawa a ƙarshen kowane zangon karatu. Wanda ya yi ƙasa sosai a dakatar da shi daga fita wasa har ya gyara, 'yan ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare kuma a sallame su tun watanni kafin jarrabawarsu ta fita, wato BECE. Babu abin da yake sa uba ya saki jiki da malamin rawa kamar ya ga ɗansa ya ɗauki littafi don tsoron kada a hana shi fita.

Kuɗi, siyasa, da ranar da za a fara kawo maka ƙara

Kuɗi ne yake kashe yawancin ƙungiyoyin nan. Da an fara gayyatarku biki da suna, ana liƙa wa yara sidi a goshi, za a fara ƙirga maka abin da ka samu, kuma ƙirgen mutane kullum ya fi na gaskiya yawa. Maganinsa shi ne kada kuɗin ya kwana a hannunka. A naɗa ma'aji daga cikin iyaye mata, a ƙirga abin da aka samu a gaban mutum uku kafin a bar wurin bikin, a rubuta, kuma lambar MoMo ta ƙungiya, wato asusun kuɗi na waya, ta zama dabam da taka. A yi yarjejeniya tun farko a kan kason makaɗa, da na asusu, da na yaran da suka fita, na yaran kuma a miƙa shi ga iyayensu. Kada ku fara da ɗinka kaya masu tsada. Rigunan fugu na takai, wato saƙaƙƙun rigunan arewacin Ghana, ana iya aronsu a shekarar farko, kuɗin kuwa ya tafi ga ganguna, waɗanda laimar bakin teku take saki fatarsu, hunturu kuma ya busar da ita har ta tsage, don haka a rataye su a ɗaki mai iska, kada a jingine su a ƙasa.

Doka ma tana da magana a nan. Dokar Yara ta 1998 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta hana sa yaro aikin dare tsakanin ƙarfe 8 na dare da 6 na safe, ta kuma lissafa aiki a mashaya da otal da wuraren shaƙatawa da za su iya gurɓata tarbiyya a cikin ayyuka masu haɗari. Saboda haka gayyatar da za ta kai yara tsakar dare a ƙi ta, komai kuɗinta, ko a tura manya kaɗai. Idan kuma za ku yi jerin gwano a titi, dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda aƙalla kwana biyar kafin ranar.

A shekarar zaɓe za ka yi farin jini. 'Yan NDC da 'yan NPP duka suna son ganga a gaban taronsu, kuma za su zo da riguna da alkawarin sababbin kayan kiɗa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yaran da ke hannunka daga gidaje dabam-dabam suka fito, kuma ranar da aka ga ƙungiyar sanye da launin jam'iyya ɗaya, rabin iyaye za su janye nasu ba tare da sun ce maka komai ba. Tsarin mulkin 1992 ya hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya, kai ma da kake riƙe da 'ya'yan kowa ka ɗora wa kanka wannan ƙa'ida. Wanda yake son ya taimaka ya kawo a fili, a gaban iyaye, a rubuta a littafi, ba tare da hotonsa a jikin ganga ba.

Bayan 'yan shekaru za ka ga an fara kawo maka abin da ba rawa ba. Wata za ta ce ɗanta ya daina zuwa makaranta, kai yake jin maganarka. Samarin layi biyu za su yi faɗa a wurin ƙwallo a ce ka shiga tsakani. Za a nemi ka tara matasa a yashe kwata kafin damina. Ka karɓi abin da za ka iya, amma ka san iyakarka. Rikicin aure da na gado na liman da sarki ne, kai dai ka raka masu shi can. Abin da ka sasanta tsakanin samari ka je ka shaida wa sarki da bakinka kafin ya ji a wani wuri, domin manya ba sa son a yi musu shugabanci a bayan ido. Abin da ya shafi cin zarafin yaro ko fyaɗe kuwa ba a sasanta shi a zaure, ko da wanda ake zargi makaɗinka ne ko ɗan gidan manya. A kai yaron asibiti, a kai maganar sashen 'yan sanda na DOVVSU, mai kula da cin zarafi a cikin gida da tallafa wa waɗanda aka cuta, a kuma sanar da jami'an jin daɗin jama'a. Za a ce ka tona asirin unguwa, wasu ma za su daina gaishe ka na ɗan lokaci, amma iyayen sauran yaran suna kallon abin da za ka yi.

Tun kana da ƙarfinka ka fara raba aikin. Ka zaɓi babban ɗalibi ɗaya da babbar ɗaliba ɗaya, ka bar musu ajin ƙanana rana ɗaya a mako, ka zauna a gefe ba tare da ka gyara musu a gaban yara ba, gyaran ya bari sai an watse. Ka riƙa tafiya da su gaisuwar sarki da ta magajiya da ofishin jami'in al'adu domin a san fuskokinsu, ka ba ɗaya mabuɗin ɗakin ganguna, ɗaya kuma littafin sunaye. Waƙoƙin da aka ɗauko daga tsofaffi a rubuta su a takarda, tare da sunan rawar da bikin da ake yin ta, a ajiye kwafi biyu a gidaje biyu, domin waya tana ɓata kuma ruwan Yuni yana shiga ɗaki.